Neman Sikolashif a Jidda: Abin da Ake Dubawa Kafin a Ɗauki Yaro



Da zarar sakamakon WASSCE ya fito, saƙonni sukan yi ta shigo wa matasan zango da ke zaune a Jidda, daga Nima, Mamobi, Fadama, Aboabo har Tamale. Kusan duk magana ɗaya ce: ga ɗana ya gama, ku da kuke can ku nema masa sikolashif. Wasu har sukan tambaya nawa za a biya. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta amsa guda wadda kowa zai karanta. Zaman da muke yi a Jidda bai ba mu ikon sa sunan kowa cikin waɗanda aka ɗauka ba. Abin da masu ba da tallafin suke dubawa shi ne makin yaro, shekarunsa da takardunsa. Makin nan kuwa ana tara shi ne shekara uku ko huɗu kafin ranar cika fom.

Hanyoyi uku da ake bi

Hanya ta farko ita ce Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda ake kira IsDB. Hedkwatarsa tana nan Jidda, ya fara aiki a watan Oktoba na 1975, kuma ƙasashe 57 ne mambobinsa. Maƙwabtanmu uku, Togo, Burkina Faso da Kodebuwa, duk suna ciki, haka Najeriya da Nijar. Gana ba ta ciki. Amma tun 1983 bankin yana da shiri na musamman domin Musulmin da ke zaune a ƙasashen da ba mambobi ba, kuma a nan ne rabonmu yake. Shirin ya fi ba da ƙarfi ga fannoni irin su likitanci, injiniya, haɗa magunguna, aikin jinya, noma da kwamfuta, kuma ana ɗaukar maza da mata.

Abu biyu ne mutane ba su cika sani ba game da wannan shiri. Na ɗaya, ba dole ne yaro ya zo Jidda ba. Kuɗin ne yake fitowa daga Jidda, karatun kuwa yana iya kasancewa a jami'ar gida ko a wata ƙasa cikin mambobin bankin. Na biyu, kuɗin bashi ne marar ruwa, irin wanda malamai suke kira ƙarlun hasanun. Idan ɗalibi ya gama ya kama aiki, zai riƙa biya kaɗan-kaɗan cikin asusun ilimi na al'ummar Musulmin ƙasarsa, daga nan ne za a ɗauki nauyin wani yaron. Wanda ya ci ya ƙi biya, ƙanensa na zango ya toshe wa hanya.

Hanya ta biyu ita ce jami'o'in gwamnatin Saudiyya. A Jidda akwai Jami'ar Sarki Abdul'aziz, wadda aka kafa a 1967, da Jami'ar Jidda ta 2014. Kusa da mu akwai Ummul Ƙura a Makka. Sai Jami'ar Musulunci ta Madina, ta 1961, wadda malamanmu da yawa suka fito daga cikinta. Tallafin jami'o'in nan iri biyu ne: na waje, domin wanda yake nema daga ƙasarsa, da na cikin gida, domin ɗan baƙon da yake zaune a Saudiyya da iƙama mai rai. Wanda ya sami cikakken tallafi na waje ba ya biyan kuɗin makaranta, ana ba shi masauki, kula da lafiya, tikitin jirgi da alawus na wata. Alawus ɗin mai digirin farko yana tsakanin riyal 850 zuwa 1,000. Iyaye su lura da wannan adadi: kuɗin abinci da sabulu ne, ba zai gina ɗaki a gida ba. Ana nema ta intanet, ta dandalin Ma'aikatar Ilimi mai suna Study in Saudi. Wanda Larabcinsa bai kai ba, akan fara sa shi a cibiyar koyon Larabci kafin ya shiga kwaleji.

Hanya ta uku ita ce KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullahi, wadda aka buɗe a 2009 a garin Suwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda a bakin Bahar Maliya. Karatunta da Turanci ne, kuma wanda za a ɗauka daga waje digiri na biyu ko na uku zai yi. Wannan ta yayyenmu ce da suka gama Legon, KNUST, Cape Coast ko UDS da sakamako mai kyau a kimiyya ko injiniya. Ana neman makin digirin farko mai ƙarfi da jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS.

Duk ukun ba a sayen fom ɗinsu a hannun wani mutum, kuma duk ukun da maki suke fara tacewa.

Yadda ake auna yaron da ya yi sakandare a nan

Wannan sashe ya fi shafar iyayenmu da ke zaune a Jidda da Makka da iyalansu. A Saudiyya takardar gama sakandare kaɗai ba ta shigar da yaro jami'a. Akwai cibiyar jarrabawa ta ƙasa da kowa ya sani da suna Ƙiyas, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 2000. Dalilin kafa ta a fili yake: makarantu ba su daidaita wajen ba da maki ba. Wani malamin hannunsa a sake yake, wani a damƙe. Maki 95 na wannan makaranta yana iya zama 80 na waccan. Sai aka kawo mudu ɗaya da za a auna kowa da shi.

Jarrabawa biyu ne suka fi muhimmanci. Ta farko ita ce Ƙudurat. Ba ta tambayar abin da aka haddace a littafi. Tana gwada fahimtar rubutu, dangantakar kalmomi, da warware lissafi cikin ɗan lokaci. Ana iya fara zama tun a aji biyu na sakandare, ana iya maimaitawa, kuma makin da ya fi yawa ake ɗauka. Ta biyu ita ce Tahsili, wadda take gwada abin da yaro ya koya a lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji cikin shekarun sakandare.

Makin Ƙudurat yana ruɗa iyaye da yawa. Idan yaro ya ce ya sami 65, ba yana nufin ya ci tambaya 65 cikin 100 ba. Makin yana nuna matsayinsa ne tsakanin waɗanda suka zauna jarrabawar. Mai 65 yana tsakiyar jama'a. Mai 81 zuwa sama ya shiga cikin kashi 5 na ƙoli.

Daga nan sai jami'a ta haɗa makin uku ta fitar da lamba ɗaya. Kowace jami'a da nata rabon, amma a fannin kimiyya rabon da ya fi yaɗuwa shi ne kashi 30 na makaranta, kashi 30 na Ƙudurat, kashi 40 na Tahsili. Bari mu yi misali da yara biyu. Na farko ya fito makaranta da 95, ya sami 70 a Ƙudurat da 65 a Tahsili. Lissafinsa: 28.5 da 21 da 26, jimilla 75.5. Na biyu ya fito da 88 kawai, amma ya sami 85 a Ƙudurat da 85 a Tahsili. Lissafinsa: 26.4 da 25.5 da 34, jimilla 85.9. Yaron da aka yi wa walima a gida saboda 95 ya zo bayan ɗan'uwansa da maki sama da 10. Kujerun tallafin cikin gida kuma kaɗan ne, 'ya'yan baƙi daga ƙasashe masu yawa suke takara a kansu, don haka rabin maki ma yana raba mai shiga da mai jira.

Darasin ga iyayen nan shi ne kada a bar Ƙudurat da Tahsili sai shekarar ƙarshe, kuma kada a bar iƙamar yaro ta mutu yana tsakiyar karatu.

Yadda ake auna yaron da ya taho da WASSCE

Na gida kuwa mudunsa WAEC ce, hukumar da aka kafa tun 1952. Makinta daga A1 yake farawa ya ƙare a F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 sunansu ci, amma jami'a ba ta karɓarsu a darussan da take lissafawa. Jami'o'in Gana suna ɗaukar darussa shida, uku na dole da uku na zaɓi, su haɗa lambobinsu. A1 ɗaya ce, B2 biyu, har zuwa C6 shida. A wannan lissafi ƙaramar lamba ce mai daraja: 6 ita ce mafi kyau, 36 ita ce bakin ƙofa. Likitanci a Legon ko KNUST ba ya nisa da 6.

Mai 30 zai iya samun gurbi a wani kwas, kuma wannan abin godiya ne. Amma tallafin da ake bayarwa bisa hazaƙa takara ce. Idan kujeru ba su kai yawan masu nema ba, daga sama ake fara ɗiba, a tsaya inda kujerun suka ƙare. Cika sharaɗi yana sa a duba takardarka ne kawai, bai zama an ɗauke ka ba.

Darussa biyu ne suka fi kayar da yaranmu: lissafi na dole da Turanci. Sau da yawa za ka ga yaro ya yi kyau a darussan zaɓinsa, sai D7 guda a lissafi ta tsayar da shi. Maganinta jarrabawar Nov/Dec, kuma babu kunya a sake zama. Abin da muke jan hankali a kai shi ne a sake da wuri, saboda agogon shekaru yana tafiya. Digirin farko a jami'o'in Saudiyya ana ɗaukar mai shekara 17 zuwa 25, kuma takardar sakandaren da ta daɗe da yawa ba a karɓarta. A Madina iyakarta shekara biyar. Bankin IsDB shi ma yana da iyakar shekarunsa, wadda yake bugawa a sanarwar kowace shekara. Yaron da ya ce bari ya yi okada shekara biyu tukuna, sau da yawa kafin ya waiwayo ƙofar ta rufe.

Akwai wata mahaɗa da ta riga duk wannan, ita ce aji uku na JHS. A lokacin ne yaro yake zaɓen makaranta da kwas, yana ɗan shekara 14 ko 15, galibi shi kaɗai ko da shawarar abokinsa. Wanda bai yi kimiyya a sakandare ba, ba zai nemi likitanci ko injiniya ba, ko a Kumasi ko a Jidda. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, yaranmu da yawa sun shiga SHS, alhamdulillahi. Saura mu kula da abin da suka shiga karantawa da abin da suke fitowa da shi.

Yaran makarantun Islamiyya kuma suna da jari babba a hannunsu. Larabci da haddar Alƙur'ani suna da daraja a Madina da Ummul Ƙura, kuma suna rage wa ɗalibi wahalar shekarun farko. Sai dai jami'a takardar sakandare take nema, wadda hukuma ta amince da ita, mai ɗauke da maki. Yaron da ya haɗa Larabci da WASSCE mai kyau ƙofa biyu yake ƙwanƙwasawa a lokaci ɗaya. Makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987, don wannan haɗin aka yi su.

Shin mudun yana da adalci?

Wasu matasanmu suna cewa jarrabawa ba ta auna hazaƙa, gidan da ka fito take aunawa. Akwai gaskiya a maganar. Yaron da yake kwana da mutum shida a ɗaki, ya tashi da asuba ya taya uwarsa ɗora tukunyar wake da shinkafa, ya dawo makaranta ya ɗauki tallan ruwa, takarda ɗaya zai zauna da wanda yake da ɗakinsa, da fitilarsa, da malamin da ake biya ya zo gida. Mai duba takarda ba ya ganin wannan. A nan Saudiyya ma akwai cibiyoyin horar da yara kan Ƙudurat da Tahsili, kuma mai kuɗi ne yake kai ɗansa. Jarrabawar awa biyu ko uku ba ta kuma auna amana, haƙuri ko iya riƙe jama'a.

Duk da haka ga abin da muke gani. Idan aka cire maki, da me za a zaɓa? Da sanayya za a zaɓa, da wasiƙar babban mutum, da wanda kawunsa yake ofis. A wannan kasuwa ɗan zango ba shi da abin sayarwa. Maki kuwa, duk da aibinsa, bai san sunan unguwa ba. A1 ta Nima da A1 ta East Legon lamba ɗaya ce a gaban mai tacewa a Jidda. Don haka amfaninmu yana cikin mu sama wa yaranmu abin da ɗan mai kuɗi yake samu: wurin zama, haske, lokaci da mai koyarwa. Gida ɗaya ba zai iya ba, amma unguwa za ta iya.

Takardu da dillalai

Yaro yana iya samun maki mai kyau takarda ta kayar da shi. Abin da ya fi yawa shi ne bambancin suna. Takardar haihuwa ta ce Abubakar, ta WAEC ta ce Bukari, fasfo ya ce Abubakari. A wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen ma'aikacin da bai san mu ba mutum uku ne. Haka ranar haihuwa. A daidaita su tun kafin rajistar BECE. Rage shekaru kuma a bar shi, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma idan aka gano bayan an ɗauki yaro, tallafin ne zai tafi.

Wasiƙar shaidar hali da ake kira tazkiyya, wadda malami ko wata cibiya ta Musulunci take rubutawa, ana neman ta a wasu jami'o'in. Aikinta ta shaida halin yaro. Ba ta mayar da D7 ta koma B3.

Sai dillalai. Duk wanda ya ce a ba shi dubban sidi yana da mutum a ciki, a tambaye shi abu ɗaya: ina takardar karɓa daga jami'ar, da sunan yaron, wadda za a iya tabbatarwa a shafin jami'ar? Idan babu, a riƙe kuɗin. Mafi haɗari shi ne mai cewa a kawo yaro da bizar Umra, in ya sauka za a nema masa makaranta. Ba haka ake shiga jami'a ba. Daga gida ake samun gurbi, sannan a ba da bizar karatu ta ofishin jakadancin Saudiyya. Wanda ya wuce kwanakin bizarsa ya karya doka, yana iya fuskantar tara, tsarewa, mayarwa gida da hana shi dawowa. Muna ganin irin waɗannan yara a nan, ba karatu, ba aikin kirki, suna ɓuya, iyayensu kuma a gida suna gaya wa mutane ɗansu yana karatu a Makka.

Abin da muke roƙo

Ga iyayenmu: ranar zaɓen makaranta a JHS, ku zauna da yaron da malaminsa. Idan ba ku karanta boko, ku kira wani ɗa a unguwa ya karanta muku. Ku riƙa neman takardar sakamakon kowane zango, ku fara duba lissafi da Turanci. A shekarar jarrabawa a sauke wa yaro talla, musamman 'ya mace, wadda aikin gida ya fi cin lokacinta. Kuɗin yayin biki guda yana iya sayen littafin tsofaffin tambayoyi, ya kuma rage nauyin rajistar Nov/Dec.

Ga malamanmu da limamai: masallatai da makarantu suna da ɗaki da wuta. A buɗe ɗaya bayan Isha'i domin masu shirin BECE da WASSCE, a sa babba ya kula. A watannin jarrabawa a sassauta musu lokacin makaranta, kada yaro ya tsaya yana zaɓe tsakanin malaminsa da takardarsa.

Ga yayyenmu da suka gama jami'a, musamman waɗanda suka ci moriyar wani tallafi: awa biyu ranar Asabar kuna koyar da lissafi za su canza sakamakon yara da yawa. Wanda ake bi bashin asusun ilimi ya biya.

Ga mu matasa: ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake aji ɗaya na SHS yau, shi ne lokacinsa. Ya yi fasfo da wuri, ya buɗe imel da sunansa na gaskiya, ya ajiye hoton kowace takarda, ya riƙa leƙa shafin IsDB da na Study in Saudi da kansa, domin sharuɗɗa da ranakun rufewa suna canzawa daga shekara zuwa shekara. Kada ya dogara da ƙofa ɗaya. Ya nemi gurbi a jami'ar gida a lokaci guda, saboda shi ma tallafin bankin da gurbin jami'a yake tafiya.

Abin da mu na Jidda za mu iya yi shi ne mu karanta sanarwar Larabci mu fassara, mu duba fom kafin a tura, mu tarbi wanda Allah ya ba shi ya iso. Wannan kuma kyauta ne.

Wanda ya karanta ya karanta wa iyayen da ba sa karatun boko, ya kuma tura wa duk gidan da ke da ɗan JHS ko SHS.